Firigon Inna Tsahara

Ran da aka fitar da firigo daga ɗakin Inna Tsahara, Kamalu ya ce mata aro ne na kwana biyu.

Tana zaune a bakin gado tana kallo, shi da wani mai amalanken jaki suka kinkime shi suka yi waje. Can ta ji takunsu a bisa rufi suna kwance farantan hasken rana. Kamalu ya dawo yana share gumi, ya durƙusa gabanta kamar yadda ya saba. Ya ce na shagonsa ne ya ƙone, ga zafi ya shigo, ga mutane sun fara sabawa da wurin, in suka zo sau biyu ba su sami abu mai sanyi ba sun tafi ke nan. Da mai gyara ya gama, da kansa zai maido mata da kayanta. Ta ce to, Allah ya yi albarka. Ɗan auta ne, ba ta iya ce masa a'a ba tun yana goye.

Firigon ba na Kamalu ba ne. Ɗanta na fari, Muttaƙa, wanda ke neman abinci a Abijan, shi ya aiko da shi a watan da likita ya ce ciwon sukarinta ya kai ga allura safe da yamma, kuma ruwan allurar ba ya shiri da zafi. Don haka ma aka ɗauko ta daga Tajaye aka kawo ta Birnin Konni, gidan Kamalu, kusa da gidan likita. Mato, abokin Muttaƙa mai tuƙa motar siminti a Malbaza, shi ya sauke shi a ƙofar gida. Wajen saukewa ƙofarsa ta bugi bakin mota ta lotsa daga ƙasa. Wata uku ta yi da shi a ɗaki. Idanunta sun fara hazo, amma kunnenta ya san shi: sai ya yi ƙyas sau ɗaya, ya ɗan girgiza, sannan ya shiga gurnani a hankali kamar kyanwa.

Nazifa, matar Kamalu, ita majo, ma'aikacin jinya na gidan likita, ya koya wa yin allurar. Ta zuba kwalaben maganin a gwangwanin madara, ta binne shi cikin jiƙaƙƙen rairayi a gindin randa. Ta ce ai wannan ma sanyi ne, mutanen da da me suka yi amfani kafin a ƙirƙiro firigo? Kwana uku na farko tana yayyafa wa rairayin ruwa. Bayan nan famfon unguwa ya ɗauke, ruwa ya koma na masu garuwa, rairayi ya bushe ya yi fari.

Kwana biyu suka zama mako, mako ya zama wata. Bazara ta kama sosai, irin wadda ko ƙadangare ba ya hawa bango da rana. Ruwan allura da yake garai kamar hawaye ya fara gurɓata, wasu ƙananan gudaji suna yawo a ciki. Tsahara ba ta gani da kyau, amma ta ji Nazifa tana girgiza kwalbar fiye da da, tana tsaki. Allura dai ana yi, jiki kuwa bai san ana yi ba. Ƙishirwa ta dawo mata, wadda ko ta shanye moɗa uku harshenta kamar tsohon takalmi. Zanenta ya fara zagaye ta sau biyu.

Da ta tambayi Kamalu labarin mai gyara, ya ce kayan gyaran sai daga Sakkwato. Da ta sake tambaya, ya ce an kawo amma ba su yi daidai ba. A karo na uku bai durƙusa ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, shagon nan hwa shi ke ciyar da mu duka, har ke. Ki bari ya tsaya da ƙafarshi, in sayo miki wanda ya hi wancan."

Ba ta ƙara tambaya ba.

Mutum ɗaya ne zai iya cewa a maido, a maido. Shi ne kuma mutumin da ba ta iya yi wa magana. Shekara arba'in da ɗaya da ta haifi Muttaƙa, bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Haka ta tarar ana yi a Tajaye: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a haɗa ido da shi, ba a zama hira da shi. Tana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Ko baƙo ne mai wannan suna, sai ta ce mai sunan yaron nan. Ga ƙannensa kuwa, yayanku. Mata suna yabonta a kan haka, a ce kunya sai Tsahara.

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci Muttaƙa yana kira, irin kiran da ake ganin fuska. Kamalu ke riƙe wayar. Ita sai ta ja mayafi, ta juya wajen bango, ta amsa gaisuwa da lahiya lau, lahiya lau. In da abin da take son faɗa, Kamalu take gaya wa ƙasa-ƙasa, shi ya isar. Duk maganarta ta bakin Kamalu take bi kafin ta kai Abijan.

Ƙafar kuwa ba ta ma san ranar da abin ya fara ba. Ta dai je alwala kusa da murhu, ta dawo, sai Zalika, jikarta mai shekara biyar, ta ce Kaka tana zana wa tabarma jan lalle. Ashe garwashi ta taka, ya ci tafin ƙafarta ta dama ƙarƙashin babban yatsa, ba ta ji komai ba. Nazifa ta barbaɗa garin bagaruwa ta ɗaure da tsumma. Ta ce ƙuna ce kawai, kwana bakwai ta bushe.

Ba ta bushe ba. Ta fara ruwa, gefenta ya yi fari, yatsan ya kumbura.

Takardar likita ta ce a riƙa kawo ta kowace Laraba ta biyu. Laraba kuwa ita ce kasuwar Konni, ranar da mutanen ƙetare da na ƙauyuka ke cika gari, shagon Kamalu ba masaka tsinke. Laraba ta farko ya ce ta gaba. Ta gaba ya ce likitan ya tafi Tawa taro. Nazifa kuma ta ce ita ba za ta iya ɗora tsohuwa a babur ɗin kabu-kabu ba, in ta faɗi ita za a zarga.

Wata Juma'a Tsahara ta yi ƙarfin hali. Fuskarta a bango ta ce, "Ka ce mishi ƙafa ta matsa mini."

Kamalu ya matsar da wayar kusa da bakinsa ya ce, "Ta ce tana sa maka albarka, Yaya. Ta ce ka kula da cin abinci."

Ta ji muryar Muttaƙa yana amin, amin, cikin farin ciki. Ta sunkuyar da kai, ta ƙura wa tsumman ƙafarta ido har aka kashe.

Da wari ya fara, Nazifa ta ƙara turaren wuta. Da turare ya kasa, ta ce ɗakin baya ya fi iska, kuma ƙannenta za su zo hutu, ina za a sa su? Aka mayar da Tsahara ɗakin baya, kusa da turken awaki, mai rufin kwano ba sili. Da azahar kwanon yana ƙara don zafi. Ƙudaje suka san hanya. Abinci ana kawowa, ba a taɓa hana ta ba, sai dai a aje daga bakin ƙofa a tura da ƙafa. Zalika kaɗai ke shiga, tana toshe hanci da yatsu biyu.

"Kaka, yatsanki ya zama baƙi. Ya mutu ne?"

"Tahi can, mai kan goriba. Barci yake."

"To ki tashe shi."

Ta tsunkule shi a gaban yarinyar don su yi dariya. Ba ta ji komai ba, ta tsunkuli na kusa da shi, shi ma haka. Dariyar ba ta zo ba.

Juma'ar da ta biyo baya Muttaƙa bai tsaya ga gaisuwa ba. Ya ce Kamalu ya matso da wayar. Ya ce wuyan Inna ya rame, kuma wannan bangon ba na ɗakinta ba ne. Kamalu ya yi dariya ya ce ana yi wa ɗakin fenti ne, rama kuwa zafi ne, kowa a Konni ya rame har awaki. Ya ce Inna tana cin abin da ko matar ferefe mai mulkin gari ba ta ci, in Yaya bai yarda ba, Juma'a mai zuwa zai kai ta shagonsa ya gani da idonsa, dama bai taɓa ganin wurin ba.

Ranar, tun hantsi Nazifa ta shigo da bokitin ruwa da sabulu mai ƙamshi, ta ɗaure hancinta da ɗankwali. Ta fito da atamfar da Muttaƙa ya aiko da Sallar bara. Ta sa mata kwalli, ta shafa mata hoda a kumatun da suka faɗa. Ƙafar ta naɗe ta da leda, ta ɗora sabon tsumma, ta zura mata safar Kamalu ta ƙwallo har gwiwa, ta fesa turare har Tsahara ta yi tari. Tana yi tana cewa ai fita za ta yi mata daɗi, zaman ɗaki shi ke ƙara ciwo. Ta ce kuma kada a tayar wa Yaya hankali, mutum yana ƙasar wasu yana fama, ba a ɗora masa abin da ba zai iya yin komai a kai ba.

Adaidaita ya kai su bayan la'asar. Kamalu ya tallabe ta daga bakin titi, ƙafar dama ba ta taɓa ƙasa ba.

Shagon yana kan kwaltar da ta nufi iyaka. An yi masa fenti ja da ruwan ɗorawa, an zana wani ƙaton burodi a bango da nama yana leƙowa. Boga, haka matasa ke kiransa. Kujerun roba, fanka biyu, talabijin yana ta kiɗa. Wasu 'yan duwan biyu, jami'an kwastan na iyaka, suna ci suna duba waya. 'Yan matan makarantar lise sun haɗa kai suna ɗaukar kofunansu hoto kafin su sha. Ƙaurin nama da albasa ya cika wurin, Tsahara ta gode wa Allah a kan haka, ko ba komai ya rufe nata.

Aka zaunar da ita a teburin ƙurya, mai shimfiɗa doguwa har ƙasa. Nazifa ta sunkuya ta tura ƙafar ciki, ta gyara shimfiɗar. Aka kawo faranti: burodi zagayayye an tsaga shi biyu, an cusa niƙaƙƙen nama da ƙwai da tumatir, wani farin mai yana zuba ta gefe, ga soyayyen dankali. Ta rasa ta inda ake kama shi. Zalika ta ce tsohuwa ba ta waye ba, ta nuna mata da hannu biyu, ta wage baki. Tsahara ta gutsuri gefen burodin. Ya tsaya mata a maƙogwaro, babu yawun da zai tura shi.

Sai aka kawo askirim a ƙananan kofuna, wani fari, wani ruwan hoda, hayaƙin sanyi yana tashi daga kansu. Likita ya hana ta duk wani abu mai zaƙi, kowa a teburin ya sani. Nazifa ta kalli Kamalu, ta ce cokali ɗaya ba ya kisa, a bar baiwar Allah ta ji daɗin duniya. Zalika ta ɗebo ta miƙa mata.

Ta san bai kamata ba. Amma wata biyu ke nan ba abu mai sanyi da ya shiga bakinta, sai ruwan da ya wuni cikin zafi. Ta buɗe baki. Sanyin ya sauka a harshenta, ya bi maƙogwaro har ƙirji, idanunta suka kawo ruwa. Ta karɓi cokalin da kanta ta ƙara, ta ƙara.

Tana cikin haka aka rage talabijin saboda za a yi kira. A cikin ɗan shirun nan ta ji shi. Ƙyas. Ɗan girgiza. Sannan gurnani a hankali.

Ta juya. Firigonta ne, yana bayan kantar shagon, taku huɗu daga inda take. An manna masa hotunan boga da na lemo tun daga sama, amma ba a rufe ƙasan ƙofar ba, lotsawar tana nan. Kusa da shi akwai wani firigon, dogo, mai ƙofar gilashi, cike da kwalabe, fitilarsa tana ci. Ba abin da ya ƙone. Nata an ƙara ne don askirim.

Ta dubi kofin da ke hannunta. Sanyin nan da ta ji har ta kusa kuka, nata ne. Shi aka aiko mata daga Abijan. Ta aje cokalin.

Wayar ta yi ƙara. Kamalu ya miƙe yana murmushi, ya zagaya da ita yana nuna bango da kujeru da jama'a, ya kauce wa bayan kantar shagon, ya dawo ya jingina ta da kwalbar ruwa a gaban uwarsa. Muttaƙa ya bayyana, da furfura a gemunsa da ba ta san da ita ba. Ta ja mayafi ta juya kai. Ya gaishe ta, ta ce lahiya lau. Ya yi dariya ya ce ashe Inna ta zama 'yar birni, har da boga. Ya yaba wa Kamalu, ya ce Allah ya ƙara buɗi, ya gode wa Nazifa da ɗawainiya. Nazifa ta ce ai uwa ce, ba godiya. Da dabara ta janye kofin askirim daga gaban wayar.

Sannan ya tambayi allura. Kamalu ya ce safe da yamma, ba fashi. Ya tambayi firigo. Kamalu ya ce yana ɗakinta, ko jiya ya goge farantan.

A ƙarƙashin tebur wani abu mai ɗumi yana bin diddigenta, ledar ta fashe. Wani ƙuda ya sami hanya ya shige ƙarƙashin shimfiɗa, wani ya bi shi. Ta ji Muttaƙa yana cewa to madalla, hankalinsa ya kwanta, bari ya koma bakin aiki. Nan da wata Juma'ar kwana bakwai ne. Yatsa biyu ne suka yi baƙi makon jiya, yau da safe da Nazifa ta kwance tsumma ta ga huɗu.

Ta tuna kakar yaron, ta tuna matan Tajaye da yabonsu. Bakinta ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ta sauke mayafin, ta juyo, ta dubi wayar sosai, ido cikin ido.

"Muttaƙa."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Sunan ya fito a karkace, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Nazifa ta dafe ƙirji. Ɗaya daga cikin 'yan duwan ya ɗago kai don shirun da teburin ya yi.

A cikin wayar murmushin Muttaƙa ya ɗauke. Da ya yi magana, ba da ita ya yi ba.

"Kamalu, mi kuka yi mata?"

Kamalu ya sa yatsa ya kashe. Ya ce rezo ne, layin waya ya ɗauke. Wayar ta sake ƙara, tana rawa a kan tebur tsakanin faranti da kofin da ya narke. Ta katse, ta sake. Ba wanda ya taɓa ta. Zalika ta leƙa ƙarƙashin shimfiɗa ta ce safar Baba ta jiƙe.

Muttaƙa bai jira Kamalu ba, sai ya kira Mato. Kafin magariba motar siminti ta tsaya a ƙofar shagon, Mato ya ɗauki Tsahara kamar jaririya ya sa ta a gaba. A gidan likita, da aka yanke safar, majo ya juya ya tambayi wane ne ɗanta a nan. Kamalu ya ce shi ne, ya ce wallahi ɓoye musu ta yi, tsofaffi ba su faɗin ciwo. Washegari aka wuce da ita Tawa. Kwana huɗu Muttaƙa ya yi a hanya. Ya tarar an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ran da aka sallamo ta, ta sami ɗakinta na da an share, an shimfiɗa sabon zanen gado. Firigo yana inda yake, an ɓamɓare hotunan, an wanke shi tas. In an buɗe, ƙamshin askirim yana fitowa.

Mata suka yi ta zuwa dubiya, na unguwa da na Tajaye. Suna cewa ciwon sukari mugu ne, haka ya yi wa wance da wane, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Suna yaba wa Nazifa da jinya. In sun fita tsakar gida sai murya ta yi ƙasa, amma kunnen Tsahara lafiyarsa lau. Wai da gaske ne ta kira sunan ɗan fari, a bainar jama'a, a wurin cin abincin 'yan zamani? Wai ciwon ya taɓa mata kai. Wata ta ce tsufa ke nan, kunya ce ke fara tafiya. A cikin duk waɗanda suka zo, ba wadda ta tambayi inda firigo ya yi bazara.

Dattawan dangi suka zaunar da 'yan'uwan biyu. Suka ce abin da ya wuce ya wuce, ciki ɗaya suka fito, kada a tona abin da zai ba maƙiya dariya. Kamalu ya yi kuka ya nemi gafara. Tajaye babu likitan da zai riƙa wanke dungun, Abijan kuwa ɗaki ɗaya Muttaƙa yake kwana da mutum biyar. Aka bar ta inda take.

Kafin Muttaƙa ya koma, ya shigo ya durƙusa, ya sa mata wata ƙaramar waya a hannu. Ya kama yatsanta ya ɗora a kan maɓalli ɗaya mai ɗan tudu, ya ce ta danna ta riƙe, shi zai ɗauka ko ina yake. Ba ta juya wajen bango ba. Ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Mako uku bayan nan, da hantsi, Kamalu ya shigo gaishe ta. Ya durƙusa, ya tambayi jiki, ya tambayi barci. Ya miƙe kamar zai fita, sai ya tsaya. Ya ce Babbar Sallah ta matso, bana ana sa ran baƙi da yawa daga ƙetare, ga zafin nan ya ƙi sauka. Yana magana tafin hannunsa yana kan firigo, yana shafa shi a hankali.

Firigon ya yi ƙyas, ya girgiza, ya shiga gurnani. Inna Tsahara ta zura hannu ƙarƙashin matashi, yatsanta ya lalubo maɓallin wayar nan mai tudu, ya zauna a kai.